Ilmin Nafsi Ba Duba Ba Ne

Wata la'asar, a wata majalisa kusa da hasumiyar Gobarau, na ji wani dattijo yana rantsuwa cewa ba zai bar ɗansa ya karanta saikoloji, wato ilmin nafsi, a jami'a ba, domin wai masu wannan karatu suna duban fuskar mutum su faɗi abin da ke cikin zuciyarsa, shi kuwa bai haifi boka ba. Wannan magana na ji ta har na gaji, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a faɗe ta a gindin ginin da Katsinawa ke tinƙaho da shi, su ce shaida ce ta ilminsu tun zamanin da Shehu Magili ya sauka a garin.

Shi ilmin nafsi na gwaji, a taƙaice, aune-aune ne na yadda ɗan Adam yake gani, da ji, da hadda, da mantuwa, kuma a jami'ar Laifzig ta Jamus Wilhelm Wundt ya buɗe masa ɗakin gwaji na farko a 1879.

Amma zancen karanta zuciya, wanda ya san ƙissar dokin birnin Balin ba zai ƙara faɗarsa ba. A 1904 wani malamin lissafi yana nuna wa jama'a dokinsa mai suna Hans, wanda idan an tambaye shi jimillar lambobi sai ya riƙa buga ƙasa da kofato har ya kai adadin, mutane suna ta mamaki, wasu na cewa dabbar tana da hankali, wasu na cewa tana leƙa zukata. Sai wani mai nazarin nafsi, Oskar Pfungst, ya shirya gwaji: ya sa wanda bai san amsar ba ya yi tambayar, ya kuma tare wa dokin ido don kada ya ga mai tambaya, nan take hikimar ta watse. Ashe ɗan motsin kai da mai tambaya yake yi ba da saninsa ba, idan bugun ya kai adadi, shi dokin yake lura da shi ya tsaya. To, jama'a, fannin da ya tona asirin wannan da'awa da hujja, shi za a tuhuma da da'awar sanin gaibu? Boka yana ƙin a jarraba shi, alhali wannan ilmi ba ya karɓar magana sai an jarraba ta, an ƙidaya, wani ma ya maimaita. Kuma ba baƙo ba ne gare mu, domin Abu Zaidin Balkhi ya wallafa littafi a kan maslahar jiki da nafsi fiye da shekara 1000 da suka wuce.

Wasu kuma suna ɗaukar ilmin nafsi karatun mahaukata. Wancan galibi aikin likitocin ƙwaƙwalwa ne.

Ga ɗalibai, ga fa'ida ta hannu. Hermann Ebbinghaus, wanda ya jarraba kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana ya buga sakamako a 1885, ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu, kuma maimaici 38 da aka raba a kwana uku ya yi daidai da 68 da aka yi a zama ɗaya. Saboda haka ku bar kwana kuna shan shayi daren jarrabawa. Darasin safe a yi bitarsa da yamma, a koma masa gobe, a sake bayan mako. A rufe littafi a karanto da ka, sa'an nan a buɗe a ga inda aka yi tuntuɓe, yadda gardi yake biya allonsa kafin ya wanke, ya kuma tashi da asuba ya yi tilawar abin da ya wuce. Iyaye kuwa, kafin ku hana yaro, ku je Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke nan Katsina, inda masu koyon malanta suke karanta reshen wannan fanni, ku roƙi wani malami ya nuna muku manhajar.