Murar da Ke Taɓa Zuciya

Da hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe birnin Zariya har wanda ke tsaye a Ƙofar Doka ya kasa hango nesa. Lokacin ne za ka yi ta jin ana cewa, "Murar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa." Sau da yawa kuwa ba mura ba ce. Mura ta gaskiya kan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Wannan kuwa jiki ne ke yi wa ƙura bore, ko hayaƙin itace, ko turaren wuta, ko ƙananan ƙwarin da ke ɓuya cikin katifa da darduma. Atishawa a jere da asuba, majina tsararo kamar ruwa, ƙaiƙayin ido, amma babu zazzaɓi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne alaƙar wannan larura da ciwon damuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan matasan Taiwan ya gano cewa masu wannan larura sun fi sauran faɗawa cikin ciwon damuwa daga baya. Ba a ce ita kaɗai ke haddasa shi ba, sai dai hanyar a bayyane take. Mai toshewar hanci da baki yake numfashi, barcinsa rabi da rabi, ya tashi maƙogwaro a bushe, kai ya yi nauyi. Dubi mai ɗinkin babbar riga a zaure: allura a hannu, ido na hawaye, aikin mako ya koma na wata, mai kaya na ta aike. Masana kuma na ganin sinadaran kumburi da jiki ke saki yayin wannan bore suna shafar ƙwaƙwalwa, su kawo kasala. Sai mai larurar ya je kemis a ba shi Piriton, wanda ke ƙara saukar masa da gyangyaɗi.

Mu kuma, da mutum ya yi shiru ya janye daga majalisa, sai mu ce rashin tawakkali ne. Wannan hukunci ya yi gaggawa.

In ƙunci ya haura mako 2, abinci ya fita a rai, abin da a da ke faranta rai ya daina, a je Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na koyarwa a Shika, a faɗa wa likita duka biyun, hancin da zuciyar. Akwai maganin fesawa a hanci, da ƙwayoyi irin su loratadine da ba su cika sa barci ba. A gida kuma a yayyafa ruwa kafin shara, a riƙa shanya katifa a rana.