Shirya Furanni Irin na Japan: Bayani ga Dattawa da Masu Kula da Su

Mene ne ikebana?

Ikebana fasaha ce ta jera furanni da rassa a cikin kwano, wadda ta bunƙasa a ƙasar Japan. Makarantarta mafi daɗewa ita ce Ikenobo ta birnin Kiyoto, wadda tarihi ya ambaci gwanintar malaminta tun shekarar 1462. A yau ana koyon ta a matsayin aikin hannu a ƙasashe da dama. Ba ta buƙatar tarin furanni: rassa uku sun wadatar, dogo da matsakaici da gajere.

Wane amfani take da shi?

Dattijon da ya koma gida daga asibiti yakan yi fama da kaɗaici da yawan tunani. Wannan aiki yana tattara hankali wuri guda, domin mai yin sa zai dubi kowane reshe, ya juya shi, ya zaɓi inda zai yanke, sannan ya kafa shi a hankali. Muddin ido da hannu suna kan reshen, zuciya takan huta daga saƙe-saƙe. Riƙe almakashi kuma motsa yatsu ne.

A shekarar 2014, masana na Jami'ar Ciba ta Japan sun nuna cewa kallon ɗanyen furen wardi na minti 4 ya sa jikin ma'aikatan ofis ya natsu. Duk da haka, ikebana ba ta maye gurbin magani. Kada ku daina shan maganinku.

Yadda za ku fara

1. Ku sami kwano mai faɗi, ku zuba ruwa, ku sa tsakuwa don ta riƙe rassan.
2. Ku zaɓi abin da ake samu a nan, kamar ɗaɗɗoya, wato raihan, ko wardin Ɗa'ifa da ke fitowa a watannin Maris da Afrilu.
3. Ku kafa dogon reshe tukuna, sannan sauran biyun, ku bar fili a tsakaninsu.
4. Ku zauna a kujera, ku riƙa numfashi a hankali. Minti 15 sun isa.

Abubuwan kiyayewa

• Unguwar Zahir tana cikin iyakar Harami. Kada ku yanki tsiron da ya fito da kansa. Ku yi amfani da na saye ko wanda kuka shuka.
• Kada ku yi amfani da itacen dafla da ake shukawa a bakin titi, domin ganyensa da furensa duk dafi ne.
• Masu ciwon suga da masu shan maganin tsinka jini su sa safar hannu, a kuma cire musu ƙaya.
• Masu asma su guji furanni masu ƙarfin ƙamshi.
• Ku sauya ruwan kullum, ku wanke kwanon. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi a kwantaccen ruwa yake ƙwai.
• Kada ku kai furanni ɗakin majiyyaci sai da izinin ma'aikatan jinya.

Yaushe za ku ga likita?

Idan baƙin ciki ko rashin barci ko ƙin cin abinci ya wuce mako biyu, ko mantuwa tana ƙaruwa, ku gaggauta zuwa cibiyar lafiya mafi kusa. Allah Ya ƙara lafiya.