Firigo a gida: yadda za ku girka shi, ku yi aiki da shi, ya daɗe



Darasinmu na yau a kan firigo ne, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira firiji. A garuruwan Arewa da wutar lantarki ta kai, kamar Dogon Dutsi da Tibiri, za ku gan shi a gidaje da shaguna. Mata suna sana'a da shi. Suna sayar da ƙanƙara, da zoɓo, da ruwan sanyi, musamman a watan azumi. Amma firigo kaya ne mai tsada. Wani sai ya sayar da raguna kafin ya saye shi. In ba a san riƙonsa ba, za a yi asara biyu: kuɗi su tafi, abinci kuma ya lalace ya sa yara zawo.

Yaya firigo yake aiki?

Kowa ya san randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi. To, aikin firigo ya yi kama da wannan. A cikin jikinsa akwai ƴan siraran bututu masu ɗauke da gas. Wani ƙaramin inji da ke ƙasa, ta baya, yana tura gas ɗin yana zagayawa. Gas ya kwashi zafin da ke ciki, ya zubar da shi waje. Ku taɓa bayan firigo ko gefensa, za ku ji ɗumi. Zafin abincinku ne ke fita.

Ku riƙe wannan da kyau: firigo mai fitar da zafi ne. Duk abin da ya hana zafi fita, ko ya ƙara shigar da zafi, yana gajiyar da inji, yana kuma ƙara kuɗin da za ku biya kamfanin NIGELEC.

Firigo na gida yana da ɗaki biyu. Babban ɗaki na ajiyar kwana kaɗan ne, sanyinsa kamar digiri 4. Ƙaramin ɗaki na ƙanƙara ne, sanyinsa digiri 18 ƙasa da sifiri.

Ranar da kuka kawo shi

1. Ku ɗauko shi a tsaye. A cikin injinsa akwai mai. In an kwantar da shi a mota ko a amalanke, man yakan gangara cikin bututu.

2. Kada ku jona shi da wuta nan take. Ku bar shi tsaye awa 4. In a kwance ya zo, ku bar shi ya kwana, sai gobe warhaka.

3. Ku zaɓa masa wuri mai inuwa da iska. Kada rana ta buge shi. Kada ya kusanci murhu. A bazara zafinmu yakan wuce digiri 40, injin yana shan wahala ko a inuwa.

4. Ku bar fili tsakaninsa da bango, kamar faɗin tafin hannu, wato santimita 10. Kada ku lulluɓe shi da zane, kada ku tara kaya a bayansa.

5. Ƙasa ta zama daidai, kuma busasshiya. In ya karkata, ƙofa ba za ta rufu sosai ba.

6. Ya sami mahaɗar wuta tasa shi kaɗai. Ku sa mai aikin lantarki ya duba wayoyin gida. In kun taɓa firigo kun ji yana jan hannu, ku cire shi daga wuta, ku kira mai gyara. Wannan ba abin wasa ba ne.

Bayan kun jona shi, ku bar shi awa 3 ko 4 ya yi sanyi kafin ku sa abinci.

Yadda ake ajiye abinci

Akwai ƙananan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da abinci. Cikin zafi, wasunsu suna ninka yawansu kowane minti 20. Sanyi ba ya kashe su. Rage musu sauri kawai yake yi. Saboda haka abincin da ya fara lalacewa, firigo ba zai gyara shi ba.

Tuwo, miya da shinkafa, ku bar su su huce kaɗan, sannan ku rufe su ku sa. Kada ku sa tukunya mai tururi. Amma kada su wuce awa 1 a waje lokacin zafi. Ku cinye su cikin kwana 2 ko 3, kuma ku ɗumama su har su tafasa.

Ɗanyen nama da kifi, ku sa su cikin mazubi mai murfi, a can ƙasa, don jininsu kada ya ɗiga kan nono ko fura. In za su wuce kwana 2, ku yanka su kashi-kashi, daidai girki ɗaya, ku sa a ɗakin ƙanƙara. Wannan zai amfane ku ƙwarai lokacin babbar salla. Naman da ya narke, a dafa shi. Kada a mayar da shi ɗanye ya sake daskarewa.

Ba kome ake sa wa firigo ba. Albasa da dankalin da ake nomawa a fadamun Dogon Dutsi sun fi son inuwa da iska. Kada ku cushe babban ɗaki, ku bar wa sanyi hanya. Kada ku sa cikakkiyar kwalba a ɗakin ƙanƙara, za ta fashe.

Ku masu sana'ar ƙanƙara, ku yi ta da ruwa mai tsabta, da hannu wankakke da sabulu. Ruwa mai cuta, ƙanƙararsa ma mai cuta ce.

Mai ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin, ya sa ta a babban ɗaki. In ta daskare, ta lalace.

In wuta ta ɗauke

Tun shekarar 1976 yammacin ƙasarmu ya fara samun wuta daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Kun tuna watan Agusta na 2023, da aka yanke wannan wuta, sai a watan Maris na 2024 ta dawo. Masu firigo sun ga wahala a lokacin. Ko ba irin wannan ba, wuta takan ɗauke, musamman a bazara. Ga abin yi:

Da ta ɗauke, ku cire firigo daga wuta. In ta dawo, ku jira minti 10 kafin ku mayar. Wutar da ke dawowa da ƙarfi, ko wadda ke zuwa da rauni, ita ce ke ƙona inji. Mai hali ya sayi na'urar daidaita wuta. Kuɗinta bai kai na sabon inji ba.

Kada ku yi ta buɗe ƙofa. Ku hana yara. Babban ɗaki a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4. Ɗakin ƙanƙara cikakke yana iya kai kwana 2, mai rabi kuwa kwana 1. A tsananin zafi ba ya kai haka. Dabara ita ce ku riƙa ajiye gorunan roba na ruwa su daskare. Ranar da babu wuta, ku sauko da wasu cikin babban ɗaki.

In yankewar ta daɗe, ku koma dabarun iyaye: ku soya nama, ko ku shanya shi. Abincin da kuke shakka, ku zubar. Asarar kwano ɗaya ta fi sauƙi bisa kwanan yaro a gidan likita.

Tsabta da kulawa

Kowane mako ku goge ciki da tsumma mai tsabta da ruwan sabulu kaɗan. Ƙurar hunturu takan taru a baya ta toshe hanyar zafi. Ku cire wuta, ku share ta a hankali.

In ƙanƙara ta taru a jikin ɗaki ta kai kaurin ɗan yatsa, ku cire wuta, ku buɗe ƙofa, ta narke da kanta. Kada ku ɓamɓare ta da wuƙa. Wuƙa tana huda bututu, gas ya tsiyaye. Kuma gas na yawancin sababbin firigo yana kama wuta.

Ku gwada robar bakin ƙofa. Ku rufe ƙofa a kan takarda, ku ja. In ta zare ba wuya, roba ta saki, sanyi yana gudu. A sake ta.

Mai son sayen firigo na hannu, kada ya biya sai ya ga ya daskarar da ruwa. Tsofaffi ƙwarai suna da wani gas mai suna R12, wanda ƙasashen duniya suka amince su daina yi tun yarjejeniyar birnin Montreal ta 1987, don yana ɓata sararin sama. Irin waɗannan suna shan wuta da yawa, gyaransu kuma yana da wuya. Araha ba ta ado.

Firigon da ya mutu, ku cire ƙofarsa kafin ku yar da shi. Yaro yana iya shiga ciki wurin wasan ɓuya, iska ta ƙare masa.

Tambayoyi don aji

1. Don me ake barin fili tsakanin firigo da bango?
2. Sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta?
3. Minti nawa za a jira bayan wuta ta dawo?
4. Me ya sa ba a ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa?

Ku rubuta amsoshin a littafinku, ku nuna wa malaminku. Ku karanta wa maƙwabcin da bai iya karatu ba tukuna. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.