Tuƙin allo a tsaye bisa tabkunan duwatsun Faransa

A gabashin ƙasar Faransa, gindin duwatsun Alpes, akwai wani birni mai suna Annecy, wanda yake zaune a bakin wani tabki mai tsawon kilometir 14 da ɗan ɗori, zurfinsa kuwa ya kai metir 82 a wani wuri. Idan lokacin zafi ya zo, tun da sassafe sai a ga mutane tsaye cik bisa ruwa, kowa da filafilinsa a hannu. Wanda ya hango su daga nesa sai ya ce bisa ruwan suke takawa. Alhali kuwa allo ne ƙarƙashin ƙafafunsu.

Wannan allo tsawonsa ya ɗan wuce metir 3, faɗinsa kamar santimetir 80. Galibi na roba ne, da famfo ake hura masa iska har ya yi tauri kamar katako. In an gama a sace iskar, a naɗe shi cikin jaka, a goya. Shi ya sa ma'aikaci yakan tashi daga aiki da la'asar, kafin almuru yana tsakiyar tabki. Wanda ya taɓa ganin Sarkawa tsaye cikin jirgi bisa kogin Kwara, tsayuwar ba za ta ba shi mamaki ba. Amma asalin wasan daga tsibiran Hawayi ne na Amurka, kuma bayan shekarar 2000 ne ya bazu cikin duniya, har ya bar teku ya hau duwatsu.

Kyan ruwan Annecy ba banza ya samu ba. Da can ƙazantar gari a cikinsa take ƙarewa, sai a 1957 garuruwan da ke kewaye suka haɗa kai, suka kafa hukuma guda, aka shimfiɗa bututun da ke kwashe ruwan dauɗa. Yau ana lissafta shi cikin tabkuna mafi tsabta a Turai. An kuma hana masu allo kutsawa cikin ciyayin bakin ruwa, inda tsuntsaye da kifaye suke hayayyafa.

To, sai dai ruwan duwatsu mayaudari ne, nan ne kuma ya kamata mai karatu ya natsu. Rana na iya ƙwallewa, mutum yana zuffa bisa allonsa, amma ruwan da ke ƙarƙashinsa daga narkakkiyar ƙanƙara ya gangaro. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska har ninki 25. Wanda ya faɗa cikin ruwan da sanyinsa bai kai digiri 15 ba, numfashi ne yake fara ƙwace masa, ya shaƙi ruwa ba da sonsa ba. Bayan ƴan mintoci hannuwa su sandare, ya kasa kama allon. Gwanin iyo ma bai tsira daga wannan ba. Saboda haka rigar da ke hana nutsewa ba kayan ado ba ce, haka ma igiyar da ke haɗa ƙafar mutum da allonsa, don allo mara nauyi ne, iska kaɗan ta ishe shi ya tsere wa mai shi. Ita igiyar ta ruwan kwance ce. A ruwa mai gudu tana iya sarƙewa da itace ta riƙe mutum ƙarƙashi.

Madatsun ruwa suna da tasu matsala. Kudu da birnin Grenoble akwai tabkin Monteynard, wanda ya samu tun 1962 da aka datse kogin Drac don samar da wutar lantarki. Tsakanin duwatsu masu tsayi yake, iska tana bin kwazazzabon da ƙarfi, musamman bayan azahar. Masu jirgin iska murna suke da ita. Mai allo kuwa, da yake tsaye, jikinsa ne iskar take turawa, sai ya ga gaɓa tana nisa. Abin yi a nan shi ne ya durƙusa, ko ya kwanta rub da ciki ya tuƙa da hannu. Ga shi kuma ruwan madatsa yana hawa yana sauka gwargwadon bukatar wuta, gaɓar da aka sani jiya, yau ta zama taɓo.

Duk da haka, a watan Janairu, tsakiyar hunturu, ɗaruruwan mutane sukan taru a ƙauyen Talloires na bakin tabkin Annecy don yin tsere bisa allo, sanye da tufafin roba masu riƙe ɗumi, jiragen ceto suna biye da su.