Hoton Kifi a Waya: Gaskiya da Ƙanzon Kurege

Kifin da ake ajiyewa a gida a yankin Kankara, Faskari da Sabuwa yawancinsa na ci ne da na sayarwa. Tarwada ce ta fi yawa, a tankin roba ko kwamin siminti ko na tamfol a bayan gida, sai karfasa jefi-jefi. Masu kifin ado a akwatin gilashi a falo 'yan ƙalilan ne. Akwai kuma masunta da ke kamu a madatsar ruwa irin ta Mairuwa. Abin da ya haɗa su duka shi ne waya. Tun da matsalar tsaro ta sa ba kowace tafiya ake yi da daɗin rai ba, ciniki da yawa a hoto yake farawa: mai kiwo ya ɗauka ya tura ta WhatsApp, dillali ko mai gashi a Funtua ya duba ya yi tayi. Daga nan maganganu suka yawaita a kan hoton kifi, wasu na gaskiya, wasu ƙanzon kurege, da yawa kuma gaskiya ce aka ɗora wa dalilin da ba nata ba.

Wadda aka fi ji ita ce walƙiyar kamara tana makantar da kifi, ko ma ta kashe shi. Tana da mafari, domin kifi ba shi da fatar ido da zai runtse idan haske ya doke shi. Sai dai bincike bai gaskata ta ba. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Curtin ta Ostireliya sun buga sakamakon gwajin da suka yi a kan wasu ƙananan kifayen teku, ciki har da wanda ake kira dokin ruwa. Sun haska musu walƙiya sau da yawa, suka duba idanunsu, ba su ga lahani ba. Abin da ya fi tayar wa kifayen hankali shi ne taɓa su da hannu. Iyakar gaskiyar maganar walƙiya ita ce tana firgitarwa, musamman da dare ko a tanki mai duhu. Tarwada ta zabura, ta bugi bangon siminti ta goge fata. A akwatin gilashi kuwa hoton ne walƙiyar take ɓatawa, don gilashin yana maido da ita ta zama farin tabo a tsakiya.

To me ya sa wani kan wayi gari da matattun kifi bayan ya ɗauke su hoto? Wannan yana faruwa, ba ƙarya ba ne, kuma nan ne ake dangantawa da kambun baka: an sa a waya, kowa ya gani, baki ya kama. Abin da mutum ya yi imani da shi nasa ne, amma kafin a kai can yana da kyau a duba yadda aka ɗauki hoton. Yawanci da tsakar rana ne, don a sami haske. An rage ruwan tanki, an zura raga, an kwaso kifin an zube a baho ko a kan siminti mai zafi, yaro ya danne ɗaya da busasshen hannu ko da buhu don kada ya suɓuce, ana ta gyara tsayuwa. Yauƙin nan da ke jikin kifi shi ne rigarsa. Shi ke tare ƙwayoyin cuta, kuma busasshen hannu yana share shi. Tarwada ba ta da ɓawo a jiki, fatar ce kawai, ga kuma ƙayoyi biyu a gefenta da take sukar 'yan uwanta da su idan aka cunkusa su wuri ɗaya. Bayan kwana biyu ko uku sai a ga gyambo. Tarwadar ma tana da sauƙi, don tana da gaɓar shaƙar iska a cikin kai, tana jure zama a waje muddin jikinta da danshi. Karfasa ba ta da wannan gatan, ɗan lokaci kaɗan a waje ya ishe ta galabaita.

Haka batun canza ruwa gaba ɗaya don hoto ya fito tas. Kifin da ya saba da ruwa mai ɗumi, aka zubar aka cika masa da mai sanyi a lokaci guda, musamman a hunturu, yakan daina cin abinci. Idan ruwan famfo ne mai sinadarin kulorin, ba a bar shi ya kwana ba, yana iya ƙone masa gaɓoɓin numfashi. Kamara ba ta da hannu a duk wannan.

Maganar da ta tabbata gaskiya ita ce ta masu saye, cewa kifi ya fi girma a hoto. Dalilai biyu ne, kuma ɗaya ba laifin kowa ba ne. Haske yana lanƙwasa idan ya fito daga ruwa ya shiga iska, shi ya sa ludayin da aka tsoma a randa yake kamar ya karye. Wannan lanƙwasar tana jawo abin da ke cikin ruwa kusa da ido. Tanki mai zurfin mita 1, idan aka leƙa daga sama, yakan zama kamar santimita 75. Kifin da ake kallo ta gilashi daga kusa kuwa yana iya ƙaruwa a ido da abin da ya kai kashi ɗaya cikin uku.

Dalili na biyu dabara ce, kuma masunta a ko'ina a duniya sun san ta. Mutum ya riƙe kifi ya miƙa hannu sosai wajen kamara. Idan mai ɗauka yana tsaye santimita 120 daga gare shi, hannun kuma ya miƙe santimita 60, kifin ya dawo rabin tazara, don haka zai fito da ninkin tsawonsa idan aka gwada da ƙirjin mai riƙon. Ido kuma ba tsawo kaɗai yake aunawa ba. Kifin da ya ninka wani a tsawo yakan ninka shi kusan sau 8 a nauyi, saboda haka tarwada mai kilo 1 sai ta yi kama da wadda za ta ƙosar da gida guda. Alamar a yatsu take: idan yatsun mai riƙon sun fito manya-manya kamar ayaba, gwiwar hannunsa kuma ta ɓuya a bayan kifin, an miƙa. Maganin abin mai arha ne. A kwantar da kifin a jiƙaƙƙen buhu, a ajiye abin da kowa ya san girmansa a gefensa, kamar takardar kuɗi ko kwalin ashana, a ɗauka daga sama.

A wajen sayen 'ya'yan kifi, waɗanda masu sana'ar ke kira fingalin, nan hoto ya fi cutar da mutane. Tarwada ba ta girma tare. A ƙyanƙyasa ɗaya wasu sukan yi zarra, wasu su tsumbure, kuma tsumburarre mai wata uku yana iya yin tsawo ɗaya da lafiyayye mai wata ɗaya da rabi. Hoto ba ya nuna shekaru. Gwani yakan gane da babban kai da siririn jiki, amma a hoton tarin kifi a roba ba kowa ke iya rarrabewa ba.

Launi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Akan ce tarwadar da ta fito da haske a hoto ba ta da lafiya, baƙa ƙirin kuma ta rafi ce. Ba hujja ba ce. Tarwada tana sauya duhun fatarta gwargwadon wurin da take: a baƙin tanki ta yi duhu, a farin baho cikin hasken rana ta yi toka-toka. Wayar kanta tana gyara launi yadda ta ga dama. Abin dubawa shi ne gyambo, guntulewar gashin baki da kumburin ciki. Koren ruwa kuma gansakuka ce, yawanci ba guba ba ce, karfasa ma cin ta take yi. Idan ta yi kauri dai tana shanye iskar oksijin da dare. Saboda haka bidiyon kifi yana tasowa sama yana buɗe baki yana da fassara biyu: ga tarwada ɗabi'a ce idan tana tasowa tana komawa, ga karfasa da asuba kuwa alamar ƙarancin iska ce, a gaggauta ƙara ruwa.

Masu akwatin gilashi sukan ɗauka sai da kamara mai tsada hoto zai yi kyau. Wayar hannu ta isa. A goge gilashin, a kashe fitilar ɗaki a rufe labule, a bar hasken akwatin kaɗai, a manna idon kamarar da gilashin a miƙe ba a karkace ba. Zancen da ake yi cewa kifin ado yana mance komai bayan daƙiƙa 3 ba shi da tushe. Duk mai kiwo ya san kifinsa suna taruwa a kusurwar da ake zuba abinci da zarar sun ji takunsa, kuma wannan lokacin ne mafi dacewa a ɗauke su ba tare da an sa raga ba.

Saura hotunan abin al'ajabi da ake turowa, wai an kama a madatsar kaza: kifi mai fuskar mutum, ko 'yar ruwa kwance a bakin gaɓa. Yawancinsu haɗin kwamfuta ne, ko tsohon hoto daga wata ƙasa aka sauya masa suna. Wani shirin ƙirƙira na tashar Animal Planet a kan 'yan ruwa ya ruɗa mutane a Amurka har hukumar kula da teku ta ƙasar, NOAA, ta fito a 2012 ta ce ba a taɓa samun shaidar irin wannan halitta ba. Ayu dai dabba ce ta gaske, tana rayuwa a Kogin Kwara da Binuwai, amma ba ta da fuskar mace. Manyan kifi ma akwai su: giwan ruwa yana iya wuce kilo 100, kuma kifin da ya ci gasar Argungu ta 2020 ya kai kilo 78. Bambancin shi ne na Argungu a bainar jama'a aka ɗora shi a sikeli.

Hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto yana rasa bayanan ranar da aka ɗauke shi, don haka na bara yana iya zuwa da sunan na yau. Manhajar Google Lens tana taimakawa wajen gano ko hoto ya taɓa fitowa a intanet. Mai sayen kifi daga nesa ya nemi ɗan gajeren bidiyo, kifin a kan sikeli, ana ganin allurar, mai sayarwa yana faɗin sunan mai saye da ranar da ake ciki.