Sabon Soro Sai Ya Ga Damina

Ranar da magini ya sauko daga kan soro ya wanke hannunsa, kowane gini kyakkyawa ne. Yaɓe sumul, zankwaye sun miƙe, an share tsakar gida an yayyafa ruwa, 'yan uwa na shigowa suna "Allah Ya sa a shiga a sa'a." Amma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa, a Kano ne ko Zariya ko Damagaram, ya san wannan yabon na rani ne. Da rani ake gini, rani kuwa ba ya tona asirin kowa. Sai watan Agusta ya kama, an kwana ana sheƙa ruwa, ƙasar rufi ta sha ta ƙoshi, sannan za a san ko indararo ya zauna daidai, ko kuwa ruwa ya samu wurin kwanciya a bayan rawani. Shi ya sa maigida mai hankali yake kiran magini ya dawo bayan ruwan farko mai ƙarfi, su hau sama tare su duba.

Aikin rumbun adana bayanai na kwamfuta ma yana da raninsa da daminarsa. Asibiti ne ko makaranta, banki ko ma'aikatar gwamnati, za a ba da kwangila, a kwashe watanni ana juye abin da ke cikin manyan littattafai da fayil-fayil zuwa na'ura. Ranar ƙaddamarwa a yanke ƙyalle, a danna madanni, sunan babban baƙo ya fito a allo, a yi tafi. A biya ɗan kwangila ya kama gabansa. Abin da ba a cika yi ba shi ne zaman da masana harkar ke kira bitar bayan kammala aiki: a bari sai manhajar ta yi wasu watanni tana ɗaukar kaya na gaske, sannan a tara waɗanda suka gina ta da waɗanda ke aiki da ita, a ɗauko takardar alkawarin farko, a ga me aka ce za ta yi, me take yi, nawa aka ce za a kashe, nawa aka kashe.

Mu a Najeriya mun ga wata damina da ba za a manta da ita ba. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na majalisun tarayya. Tsarin da hukumar zaɓe ta INEC ta shimfiɗa shi ne, da an gama ƙirga ƙuri'a a rumfa, jami'i ya ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS, ya tura shafin IReV inda kowa zai gani. Rumfunan sun haura 176,000. Sakamakon sanatoci da na 'yan majalisar wakilai ya riƙa hawa. Na shugaban ƙasa, wanda idon duniya ke kansa, ya ƙi. Jami'i ya danna, na'ura ta dawo masa da shi, wakilan jam'iyyu na tsaye a kansa, duhu na shigowa.

Sai a watan Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da rahotonta na zaɓen, kuma bayanin da ta yi ya cancanci a tsaya a kansa. Ta ce rumbun shafin IReV an tsara shi ne jiha jiha. Kowane sakamako da ya shigo, manhaja takan duba jihar da mazaɓarsa take, ta buɗe masa wurin zama a ƙarƙashinta. Kujerun sanata 109 da na wakilai 360 kowacce tana da jiharta, ko Abuja. Kujerar shugaban ƙasa kuwa ƙasar duka ce mazaɓarta, ba ta ƙarƙashin kowace jiha, don haka da takardarta ta iso sai manhaja ta rasa inda za ta sa ta. Injiniyoyi suka yi ta gyara, kuma a cewar rahoton, sai ƙarfe 8:55 na dare takarda ta farko ta hau. Kafin nan jami'ai da yawa sun bar rumfunansu, wasu na'urorin a kashe, wasu a inda babu sabis.

Akwai ɗimbin 'yan ƙasa da ba su gamsu da wannan bayani ba har yau, kuma jinkirin shekara guda kafin a yi shi bai taimaka ba. Wannan muhawara ce ta daban. Ko da an ɗauki maganar hukumar yadda ta faɗe ta, akwai abin dubawa. An yi amfani da shafin a zaɓen gwamnan Anambra a 2021, da na Ekiti da Osun a 2022, ya yi aiki, aka yaba. To amma duk waɗannan zaɓuka ne na cikin jiha ɗaya. Yayyafi ne. Soron bai taɓa ganin irin ruwan da aka gina shi dominsa ba sai ranar da ruwan ya sauka. Tambayar da ya kamata a yi bayan kowane ɗayan waɗancan nasarori ita ce: wane irin aiki ne ke jiran manhajar nan wanda har yanzu ba mu gwada ta da shi ba?

Magina sun san wani abu da ya kamata masu bita su ara. Inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lalle nan ya shiga ba. Yakan shiga ta wata tsaga a gefen gabas, ya bi jikin azara a hankali, ya zo ya ɗigo a kan gado a gefen yamma. Wanda bai san gini ba sai ya hau ya lafta ƙasa daidai saitin gadon, ya sauko yana cewa an gama. Wani ruwan na zuwa a koma gidan jiya. A ofis ma haka ake yi. Albashin mutum ya fito ba daidai ba, sai a buɗe layinsa a gyara adadin da hannu, a sallame shi. Ba wanda ya bi sawu ya gano cewa tun ranar da aka juye bayanai daga tsohon tsari aka musanya gurbin rana da na wata a tarihin ɗaukar aiki, kuma akwai wasu ɗaruruwa da abin ya shafa waɗanda ba su zo ƙorafi ba tukuna.

Sannan wa za a tambaya? Hausawa sun riga sun ba da amsa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka shiga ɗaki ka ga an jawo gado daga jikin bango, ga roba an tara a ƙurya, ga tabarma a shanye kan igiya, ba ka bukatar rahoton kowa. Robar ofis ita ce tsohon littafin rajista da ma'aikaciyar ɗakin kati take ɓoyewa a aljihun tebur, tana rubuta sunan maras lafiya a ciki bayan ta shigar da shi a kwamfuta, saboda sau da yawa ta nemi kati a allo ta rasa. Darakta ba zai san da littafin nan ba. Bitar da aka yi a ɗakin taro mai sanyi, ba a zauna kusa da ita an ga yadda take aiki ranar Litinin da safe ba, ɓata shayi ne kawai. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta nuna iyakar inda rashin sauraron mai ɗaki ke kaiwa. Ta kawo manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999, masu riƙe da ƙananan rassa suka yi ta kukan tana nuna giɓin kuɗin da ba su ci ba, aka riƙa ce wa kowannensu shi kaɗai ke da matsalar. Fiye da 900 aka hukunta a kotu zuwa 2015, wasu har gidan yari. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su.

Abin da ke cikin rumbun shi ma sai an zazzage shi. Mutum ɗaya ya shiga sau uku, nan Muhammad, can Mohammed, can kuma Muhammadu. Rabin ƙauye an haife su ranar 1 ga Janairu. A nan dai INEC ta yi abin da ya dace: da ta tantance sababbin masu rajista miliyan 12.29 a 2022 ta hanyar zanen yatsa da hoton fuska, ta soke 2,780,756, fiye da kashi 22 cikin 100.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi: in komai ya goge yau, a ina za a samo shi? Kowa zai ce ai akwai kwafin ajiya. Wa ya taɓa gwada dawo da shi? Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, cikin dare da gajiya, ya goge bayanai kimanin gigabait 300 daga babban rumbun kamfanin, yana zaton a kan na biyu yake aiki. Suna da hanyoyin ajiya har biyar a rubuce, ba wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan don wata bukata daban ne ya cece su, aikin waɗannan sa'o'in kuwa ya tafi. Abin da ya burge ni shi ne abin da suka yi daga baya. Sun rubuta duk yadda aka yi dalla-dalla suka wallafa, ba su kori injiniyan ba, suka mai da hankali kan dalilin da ya sa tsarinsu ya bar kuskuren mutum ɗaya ya yi wannan ɓarna. In zaman bita ya zama na neman wanda za a rataya wa laifi, kowa zai kama bakinsa, tsagar kuma tana nan.

A kwangilar gini ta zamani akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi 5 cikin 100, sai gini ya yi wasu watanni an ga abin da ya ɓullo ya gyara. Shugabannin makarantu da asibitoci da ƙananan hukumomi da ke shirin ba da aikin manhaja, ku sa irin wannan sharaɗi a takarda tun kafin a sa hannu. Ku rubuta ranar bita, ku sa ta bayan lokacin da aiki ya fi yi muku yawa, rajistar ɗalibai ce ko biyan albashin ƙarshen shekara, kuma kada ku saki ragowar kuɗin sai an goge kwafin gwaji an dawo da shi a gaban idonku.