Kumandan Ne Mai Ƙara, Shi Ne Alƙali

Duk sa'ad da rikicin garka ya daɗe a kotu, a Gidimuni ko a cikin Damagaram, ba a rasa mai cewa: "Ai zamanin Nasara shari'a tsaye take, ba cin hanci, ba jan rai." Yawancin masu faɗin haka ba su taɓa tsayawa gaban kumandan ba.

Jan rai kam babu, domin sau da yawa shari'ar ce babu. A ƙarƙashin dokar indijena ta Faransawa, kumandan na iya jefa talaka gidan kaso har kwana 15, ya ɗora masa tara, ba zaman kotu, ba shaida. Jinkirin biyan lanho ya isa laifi, haka ma ƙin fita aikin dole. In maganar ta yi girma ta kai kotun bariki, shi ɗin dai ne a kan kujera, malamai da dattawa na gefe suna ba da shawara kawai. Ba ya jin Hausa ko Barbarci sosai, don haka abin da tafinta ya faɗa masa shi ne maganar mai ƙara. Kamar a ce mai awo a kasuwa shi ne mai saye, kuma tiyar tasa ce.

Sarki ma bai tsira ba. Faransawa da kansu suka naɗa Amadu Ɗan Basa sarkin Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini da kisan sarki Amadu Kuran Daga. A 1906, shekarar da boren Satiru ya girgiza Ingilishi kusa da Sakkwato, tsoro ya cika barikin Damagaram. Aka zargi sarkin da ƙulla makircin hallaka Turawa, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodibuwa. Zargin ya haɗa da Malam Yaro, babban attajirin da ya taimaki ayarin Faransawa na Foureau da Lamy shekaru kaɗan kafin nan. Waɗanda aka ce za a kashe su ne suka yi bincike, su ne kuma suka yanke hukunci. Har yau masana tarihi ba su daina muhawara kan girman makircin ba. Aka damƙa ƙasar a hannun Ballama, wani bawan fada, sarauta ba ta koma gidanta ba sai 1923, lokacin Barma Mustafa.

Sai a 1946 aka soke indijena da aikin dole.

Wannan ba ya wanke kotunan yanzu. Mai garka a Gidimuni da ke biyan kuɗin mota zuwa birni, a ce masa ya dawo wata mai zuwa, yana da dalilin ƙorafi, kuma ma'aikatan da ke barin takardunsa cikin ƙura sun san hakan. Sai dai shi yana iya fara kai maganarsa gaban mai gari don sulhu, ya kawo shaidunsa, in hukunci bai gamsar da shi ba ya ɗaukaka ƙara.